Miyar Suren da Ba Ta Ga Turmi Ba

Miyar sure ce ta kashe wa Fadila aure. Ba gishiri ne ya yi yawa ba, ba ƙonewa ta yi ba. Laifinta ɗaya, ta yi laushin da hannun mutum ba ya iya yi.

Fadila 'yar Malam Ya'ƙub ce, mai makarantar allo a Jega Magaji. Wanda take so kuwa Abdulmajid ne, ɗan farin Alhaji Gado maɗori na Aliero. Albasa yake kawowa kasuwar Jega, in ya sauke kaya sai ya wanke ƙafa ya biyo ta ƙofar gidansu. Magana ta riga ta kai ga manya. Abu ɗaya ya rage kafin a kawo kuɗin gaisuwa.

Gidan Alhaji Gado ba irin gidan kowa ba ne. Masu karaya ake kawowa daga ko'ina, wani a mota, wani a bayan mashin an ɗaure masa ƙafa da kara, kuma wanda aka ɗora nan yake kwanciya har ƙashi ya kama. Bakin da ake ciyarwa kullum ya fi na gidan suna. Turmi ba ya hutawa. Shi ya sa gidan yake da dokoki biyu tun kakanni. Ta farko, ɗa ba ya taɓa ƙashin kowa sai da izinin uba, ko ya iya, don tofin uban shi ne sa'ar hannun. Ta biyu, duk yarinyar da ɗan gidan yake so sai ta yi miyar sure da hannunta, ita ta daka gyaɗa, ita ta jajjaga tarugu, a kai wa uwar yaro. In uwa ta lashe yatsa a kai kuɗi. In ta ture kwano magana ta mutu.

Uwar kuwa Hajiya Hindu ce, mace mai faɗin kafaɗa da ba ta iya rufe magana da zane. Dama tana da tata a hannu, Umaima 'yar ƙanenta ta Giwa Tazo, wadda ake cewa tana yin surfen gida guda ba ta tsaya shan ruwa ba. Amma ta ce a kawo miyar, kada a ce ta hana 'yar malamai gwada sa'arta.

Abin da Hajiya ba ta sani ba shi ne hannun Fadila na dama ba lafiyayye ba ne. Tana ƙarama ta faɗo daga amalanken shanu a Andarai, wurin kakarta, tsintsiyar hannun ta karye. Aka ɗora, ƙashin ya kama a karkace. Bai hana ta rubutu ba, bai hana ta wanke-wanke ba. Taɓarya ce dai in ta ɗaga ta kaɗan sai wurin ya kumbura. Kullum hannun yana cikin hijabi. Abdulmajid kansa bai taɓa ganinsa da kyau ba.

Akwai kuma Fahad, mai shagon kayan wuta a bakin kasuwar Jega, fanka da firji da dutsen guga. Ya nemi auren Fadila, ta ce a'a. Ya sake dawowa ta sake cewa a'a. Da ya ga ƙofar gaba ta rufe sai ya zagaya ta baya, ta wurin uwarta Atika. Ya kawo bilenda sabuwa fil a cikin kwali, ya ce ta Inna ce, a huta da kai markaɗe. Kowa a Jega ya san in saurayi ya shigo da kaya gidan budurwa, ko sunan wa ya kira, toshi ne.

Fadila ta ce a mayar masa. Atika ta ce to, ta tura kwalin ƙarƙashin gado.

* * *

Ranar miyar Fadila ta tsince ganyen sure, wato yakuwa, ta wanke ta ɗora a wuta, ta gyara gyaɗa ta zuba a turmi. Ta yi bismilla ta ɗaga taɓarya.

Gyaɗar ba ta gama fashewa ba hannun ya fara zugi. Ta koma na hagu, taɓaryar ta riƙa kauce wa tsakiya tana watsa gyaɗa waje, kaji na tsinta. Ta dawo na dama. Kafin hantsi ya yi zafi tsintsiyar hannun ta yi suntum.

Atika tana zaune bakin ɗaki tana tsefe kai. Fadila ta roƙe ta ta kama mata ko gyaɗar kaɗai, ita za ta ƙarasa sauran.

"Ni za a aura?" Atika ta ce. "Hannunki anka ce. Ni ban shiga ƙarya, ubanki malami ne."

Fadila ta zauna bakin turmin tana hura wa hannun iska. Direban da zai kai miyar Aliero ya ce da azahar zai tashi, ba ya jiran kowa.

Sai fankar ɗaki ta fara juyawa. An kawo wuta.

Atika ta miƙe ta shiga ɗaki, ta jawo kwalin nan ta dire shi gefen turmi.  Ta yafa mayafi ta ce za ta leƙa barkar haihuwa maƙwabta. Matar da ta ce ba ta shiga ƙarya ke nan.

Fadila ta daɗe tana kallon kwalin. Ta gaya wa ranta ai yatsan da zai danna hannunta ne. Ta gaya wa ranta babu wanda zai sani. Ta yaga leda, ta zuba gyaɗa da ɗan ruwa ta danna. Kafin ta ƙifta ido gyaɗar ta zama kamar madara. Ta zuba tarugu da tattasai da albasa da daddawa, su ma suka narke.

Da a nan ta tsaya, wataƙila da sauran magana. Amma sauƙi yana da daɗi. Suren da ya kamata ta burga da maburgi ya bar zare-zarensa, shi ma ta kwashe ta juye a ciki ta danna.

Miyar ta fito kore shar, sumul, mai ya taso a kai. Malam Ya'ƙub ya shigo shan ruwa aka ba shi ya ɗanɗana, ya ce Allah ya yi albarka, bai taɓa shan irinta ba. Gaskiya ya faɗa. Nan matsalar take.

* * *

A Aliero Hajiya Hindu tana tsakar gida cikin matan gidan aka kawo kular miyar. Abdulmajid ya biyo baya ya tsaya bakin ƙofa yana murmushi tun kafin a buɗe.

Hajiya ta buɗe ta shaƙi ƙamshi. Aka miƙo mata cokali ta ture. Yatsa biyu ta tsoma ta ɗago tana murzawa, ta sake tsomawa har ƙasan kular ta sake murzawa. Matan suka zuba mata ido.

"Kai, matso ka gani," ta ce. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. "Ina tsakin gyaɗa? Ina ɗiyan tarugu? Ina zaren sure? Turmi, komi ƙarfin mai daka, sai ya bar shaida. Wagga miya ba ta ga turmi ba."

Ya ce wataƙila ta daɗe tana daka ne. Matan suka kwashe da dariya.

Hajiya ta tambaye shi ko shi ya saya mata injin. Ya ce bai saya ba. Ta tambaya ko albashi malamin allo ya fara ɗauka. Ya ce a'a.

"To wani ya saya," ta ce, ta goge yatsun a bakin zane ba ta kai su baki ba. "A kai ma mutumen can mai karayar muƙamuƙi. Shi ne ba shi iya tauna, tashi ce anka dafa."

Aka ɗauki kular aka nufi ɗakin majinyata da ita.

Wanda ya saya bai bari an sha wahalar nemansa ba. Ran kasuwar Jega Abdulmajid yana tsaye kan buhunan albasarsa Fahad ya taso daga shago, hula a goshi, ya ba shi hannu a gaban dillalai. Ya gaishe shi da gajiya, ya tambayi Alhaji, ya tambayi majinyata. Sannan ya ce yana fata Hajiya ta ji daɗin miya, don injin mai ƙarfi ne, shi da kansa ya zaɓa, in ya ba da matsala a gaya masa. Ya ƙara da cewa Inna Atika ce ta aiko masa godiya.

Dillalai suka sunkuyar da kai suna duba albasar da suka riga suka duba.

* * *

Bayan la'asar Abdulmajid ya yi sallama a zauren Malam Ya'ƙub. Ranar bai wanke ƙafa ba. Fadila ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, bai amsa ba.

"Injin wa ne?" ya ce.

Ta ce Inna aka kawo wa.

"Ban tambaye ki wa anka kawo ma ba. Na wa ne?"

Hawaye suka zubo mata. Ta ce na Fahad ne, amma wallahi ta ce a mayar, ba ta taɓa buɗe kwalin ba sai ranar.

"Sai ranar," ya ce. "Duk ranakun Allah ba ki buɗe ba sai ranar da za a kai ma uwata abinci. Kin san abin da kinka yi? Da kayan wani namiji kinka dafa ma uwata miya. Yau a tsakiyar kasuwa ya tsaida ni. Ni da ban taɓa sunkuyar da kai don kowa ba."

"Yaya Abdul, ba don shi na yi ba. Don kai na yi."

"Don ni? Kada ki ƙara min."

Ta yi kuka har sai da ta dafa bango. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ɗage hijabin ta miƙa masa hannun, kumburin bai gama saɓewa ba.

Ɗan maɗora ne, kallo ɗaya ya isa. Ya ga inda ƙashin ya goce ya haɗu da ɗan'uwansa a gicciye. Ya ce wane mahaukaci ne ya yi wannan ɗori.

Ta ce, "Gidanku ne. Baba Alhaji ne da kansa. Ina ƙarama aka kai ni daga Andarai, ranar mutane sun yi yawa, motar 'yan kasuwa ta faɗi. Ya ɗaure ni da sauri ya ce a tahi da ni gida, ba sai na kwanta ba. Malam ya ce ƙaddara ce, ya hana a koma, ya hana a faɗa."

Abdulmajid ya zauna a kan dakalin zauren.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In gaya maka me? Cewa gidan da ake auna mace da taɓarya zan shiga ba ni da hannun daka? Na ji tsoro. Na ce in na shiga ko wanke-wanke ne in yi, ko shara, ko jinyar mata. Na daka gyaɗar nan, Yaya Abdul. Na daka har na daina jin yatsuna. Na roƙi Inna ta ƙi. Da ka ga hannun ranar da ba ka yi mini wannan tambayar ba."

 Shi ma idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana kallon allunan da aka jingine. Daga baya ya ce ta mayar da injin gobe, shi kuma zai koma ya roƙi Hajiya. Ya rantse mata ko duniya za ta taru ba zai sake ta ba. Zancen hannun kuwa ya ce ta bar shi tsakaninsu, Baba ba ya son a ce aikinsa ya karkace.

Washegari ta wanke bilendar ta mayar cikin kwali ta kai shagon da kanta. Fahad ya buɗe ya ɗaga kofin yana dubawa a haske, ya kai hanci ya shinshina.

"Warin daddawa," ya ce. "Kayan da anka yi aiki da su ba a maidowa, ko a Kano haka ne. Ki tahi da abinki, ai gidana za ki dawo da shi."

Haka ta juyo da kwalin a ka, 'yan kasuwa suna bin ta da ido.

* * *

Abdulmajid ya roƙi uwarsa har ya gaji. Ya sa ƙannen ubansa suka sa baki. A ƙarshe Hajiya ta ce ta ji, amma ita ba ta ƙara karɓar kula a rufe. Yarinya ta zo Aliero ta yi daka a gabanta, ido na ganin ido.

Malam Ya'ƙub ya ce wannan wulaƙanci ne, ba a taɓa kai budurwa gidan surukai a gwada ta kamar saniyar noma ba. Fadila ta kama ƙafarsa tana kuka. Ya ce ba da yawunsa ba, amma ba zai hana ba. Atika ta ce ita ciwon kai take yi. Wata gwaggon Fadila ce ta raka ta.

Abdulmajid ya aiko mata cewa gyaɗa ce 'yar kaɗan, ta daure, zai tsaya kusa.

Ba gyaɗa ba ce. Da suka shiga tsakar gidan, babban turmin gidan ne a tsakiya cike da jiƙaƙƙiyar dawa, tuwon majinyata. Matan gida sun jeru a inuwa. Masu karaya sun leƙo daga ɗakunansu, wasu da sanduna. A gefen turmin wata doguwar yarinya tana tsaye ta ci ɗamara, taɓarya a hannu. Umaima ce.

Hajiya ta amsa gaisuwar Fadila sama-sama. Ta ce gyaɗa wasan yara ce, a gidan ga lugude ake yi, mutum biyu turmi ɗaya. Ta sa aka miƙo mata taɓaryar kirya, wadda sai ƙarfafan gidan ke ɗauka.

Wanda ya san lugude ya san ba a jinkiri a cikinsa. Taɓarya ɗaya na fita ɗaya na shiga. In taki ta makara a ciki, ta abokiyar daka za ta same ta.

Fadila ta nemi Abdulmajid da ido. Yana can bakin ƙofa, ya ɗaga mata kai.

Ta cire hijabi ta ɗaura zane, ta ja hannun rigar ya rufe wurin. Suka fara.

Da farko ta bi. Dum, dum, dawa na tsalle. Gwaggonta har ta fara murmushi. Umaima ba ta ko kallon turmin, tana jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, matan suna guɗa ƙasa-ƙasa. Hajiya ta ce a ƙara wuta, rana na yi, marasa lafiya na jin yunwa.

Umaima ta ƙara sauri.

Gumi ya rufe wa Fadila ido. Hannun ya fara zugi, zugin ya hau har kafaɗa, daga nan ta daina jinsa gaba ɗaya. Ta ciji leɓe. Taɓaryar ta fara yi mata nauyin mutum. Sau biyu ta makara Umaima ta kauce mata. Hajiya ta gani.

"Ke Umaima, daka anka sa ki ko reno?"

Na ukun ba ta kauce ba. Taɓaryar Fadila tana ciki, ta sunkuya tana ƙoƙarin zaro ta, ta Umaima ta sauko da dukan ƙarfinta ta daki tata ta zame ta sauka a kan tsintsiyar hannun.

Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Kowa a gidan ya san wannan ƙara, da ita suke ci.

Fadila ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa tana kallon hannun da ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Umaima ta yar da taɓarya ta rufe baki tana cewa ba da gangan ba ne. Hajiya ta ce a kira Alhaji, ai ba a yi karaya a wurin da ya fi nan dacewa ba.

* * *

Alhaji Gado ya shigo yana gyara hannun riga, dattijo mai farin gemu da yatsu kamar na maƙeri. Ya tsuguna ya ce sannu ɗiyata, ya kama hannun a hankali yana bin ƙashin da babban yatsa. Ya bi, ya bi, sai ya tsaya. Ya koma baya ya sake bi.

Ya ce wannan ba sabuwar karaya ba ce, tsohon wuri ne ya sake buɗewa, kuma wanda ya ɗora da farko bai san aiki ba. Ya ɗaga murya yadda 'yan jinya za su ji, ya ce irin abin da yake faɗa ke nan kullum, mutane su riƙa kai 'ya'yansu wurin 'yan koyo. Ya tambaya a ina aka yi.

Fadila ta sunkuyar da kai. Gwaggonta ta kalli ƙasa.

Abdulmajid ne ya kasa haƙuri. Shi da ya ce a bar zancen tsakaninsu, shi ya fasa shi. Yana ganin in uban ya san hannun aikinsa ne zai ji nauyi ya rungumi yarinyar.

"Nan gidan ne, Baba. Kai ka ɗora ta tana ƙarama, ranar haɗarin motar 'yan kasuwa."

 Wani mai karayar cinya da aka kawo daga nesa ya dubi ƙafarsa da ke cikin kara, ya dubi ɗan'uwansa.

Alhaji Gado ya saki hannun. Bai ajiye shi ba, sakinsa ya yi, ya faɗi a cinyarta. Sai a lokacin ta yi ƙara.

"Ban san wanga aiki ba," ya ce. "Ƙashi bai taɓa hita gidan ga a karkace ba. A nemo mota a kai ta asibiti."

Gwaggo ta ce Alhaji a dubi Allah, a ɗaure mata ko na hanya ne. Ya ce ba ya gyaran ɓarnar wani, in ya taɓa ya sake karkacewa sunansa za a kira. Ya juya ga matarsa ya ce maganar aure kuma a bar ta. Gidan da ake kawo karaya ba zai ajiye suruka mai karkataccen hannu tana miƙa wa majinyata tuwo suna kallo ba.

Abdulmajid ya zube a gabanta. Ya iya aikin, tun yana yaro yake riƙe wa uban ƙafa da hannu. Ya san in aka ja aka daidaita yanzu kafin kumburi ya rufe, hannun zai tsira. Ya ce a kawo kara da tsumma. Ya miƙa hannuwansa biyu.

"In ka taɓa ƙashin ga ba da izinina ba," Alhaji Gado ya ce, bai ko ɗaga murya ba, "na janye tofina. Hannunka ba shi ƙara ɗori, kuma ka nemi wani uba."

Hannuwan Abdulmajid suka tsaya a iska, tazarar yatsa tsakaninsu da nata.

Fadila ta ɗago ta dube shi. Ba ta roƙe shi ba. Ta dai ɗan turo hannun gabansa da na hagu, yadda ake miƙa wa mutum abin da yake nasa.

"Yaya Abdul," ta ce.

Ya dubi uban. Ya dubi uwar. Ya dubi majinyatan da wata rana za su zama nasa. Sannan ya janye hannuwan a hankali ya sa su cikin aljihun rigarsa, ya miƙe ya ce bari ya nemo mota.

Hajiya ta ce Umaima ta ƙarasa surfen, kada dawa ta yi tsami. Ana fita da Fadila turmin ya ci gaba da ƙara a bayanta.

* * *

Kafin a samu mota, kafin a isa, kafin a ga likita, hannun ya kumbura ya yi baƙi. Aka yi aiki aka sa ƙarfe. Ƙashin ya kama, amma jijiya ta tafi. Yatsun suka sandare a buɗe, ba sa rufuwa ko a kan cokali.

Abdulmajid bai je asibitin ba. Ya aiko da buhun albasa, Malam Ya'ƙub ya sa aka mayar. Kafin a kwance mata bandeji an kai kuɗin gaisuwa Giwa Tazo. An ce miyar Umaima tsakin gyaɗa har yana maƙalewa a haƙori, Hajiya ta lashe yatsu biyar.

Atika ba ta ɓata lokaci ba. Ta aika wa Fahad cewa hanya ta buɗe, ya turo manyansa. Fahad ya zo da kansa, ya zauna a zaure aka kira Fadila. Ya amsa gaisuwarta yana kallon hannun da ke rataye a wuya. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya sayar da abin da ya tsage, ba ya kuma saye. Ya samu wata a Maiyama, an kusa sa rana.

Sannan ya ce tunda aure bai yiwu ba, al'ada ce a mayar wa mutum toshinsa. A ɗauko masa injinsa.

Atika ta ce ai an yi aiki da shi, shi da bakinsa ya ce ba a mayarwa. Ya ce ba komai, za a wanke, amarya ba za ta sani ba.

Tun dawowarta daga asibiti da bilendar nan Fadila take yi wa ubanta miya, da babban yatsan hagu take dannawa. Shi kaɗai ne aikin girkin da ya rage tana iyawa ba ta kira kowa ba. Ta shiga ta zare wayar daga bango, ta ɗauraye kofin da hannu ɗaya, ta rungumo kwalin a ƙirji ta kawo masa. Ya karɓa ya duba ko murfin yana ciki, ya yi sallama ya tafi.

Da yamma Malam Ya'ƙub ya shigo ya tarar ba a ɗora miya ba. Suren yana cikin kwano a wanke, gyaɗa tana cikin turmi. Fadila tana tsaye a kansa ta ɗora tafin hannun dama a jikin taɓarya, tana matsa yatsun da na hagu ɗaya bayan ɗaya don su kama. Tana saki suna buɗewa.